Albashi ne ko taget ke kashe gwiwar ma'aikatan banki a Gombe?

Dan_Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu baje a faifai, musamman masu aiki a manyan bankuna da ƙananan bankuna da kamfanonin POS a nan Gombe. Duk inda aka tambayi dalilin da ya sa ma'aikaci ya daina ƙwazo, amsa ɗaya ake bayarwa: albashi ya yi kaɗan. Ni kuwa ina ganin ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi kashe gwiwa shi ne yadda ake yanka wa mutum taget, wato adadin da aka ce dole ya kawo, da kuma yadda ake auna shi a ƙarshen wata. Sai ka ga reshe biyu na banki ɗaya, albashi iri ɗaya, alawus iri ɗaya, amma ɗaya aiki na tafiya, ɗayan kuwa kowa na neman ƙofar fita. In albashi ne matsalar, me ya raba su? Manyanmu a wannan zaure, a taimaka mana da bayani.

Abban_Sadiq_Bolari:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka raina maganar albashi. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Hauhawar farashi a Disambar 2024 ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS. Ɗan maketin da ke yawo a kan babur daga Pantami zuwa Tashan Dukku zuwa babbar kasuwa yana farautar kwastoma, kuɗin mai daga aljihunsa yake fita idan alawus ɗin sufuri bai motsa ba. Wanda kuɗinsa ke ƙarewa ranar 12 ga wata, yana zaune a kan kanta ne amma hankalinsa na wajen mai shagon da ke binsa bashin shinkafa. Ba a maganar ƙwazo da ciki fayau. A fara gyara wannan tukuna.

TsohonOdita:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, sai dai kowa gefe ɗaya ya kama. Wani masani a Amurka, Frederick Herzberg, ya yi bincike a 1959 a kan injiniyoyi da akantoci wajen 200. Abin da ya gano shi ne abubuwan da ke sa mutum ƙin aiki daban suke da waɗanda ke sa shi son aikin. Albashi, tsaron aiki, yanayin ofis da halin shugaba, idan suka lalace mutum zai tsani wurin. Amma idan aka gyara su, ƙorafi kawai aka kashe, ba a haifar da himma ba. Himma tana zuwa ne daga yabawa, ƙarin girma, ba mutum amana, da ganin cewa aikinsa yana da amfani. To Malam Abban Sadiq yana maganar tushe, Dan_Jekadafari yana maganar gini. Wanda ya ƙara albashi ya bar ma'aunin banza zai rage masu ajiye aiki, amma ba zai ƙara masu ƙoƙari ba.

Maketa_TudunHatsi:
Bari in sauko da maganar ƙasa, domin taget ɗin ajiya shi ne ciwon. A hedikwata ake raba shi: a ɗauki adadin da ake so a shekara, a raba wa shiyya, shiyya ta raba wa reshe, reshe ya raba wa mutum, sannan a raba gida 12 daidai wa daida. Kamar kuɗi yana shigowa Gombe kowane wata da kai ɗaya.

Amma kowa ya san yadda kuɗin garin nan ke juyawa. Daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin kaka, manyan 'yan kasuwar Tudun Hatsi kwashe kuɗinsu suke yi daga banki su sayi masara, wake, waken suya da riɗi su zuba a sito. Kuɗin ba ya dawowa asusu sai sun fara buɗe sito, daga bazara zuwa tsakiyar damina. Wato a daidai watan da ake rufe littafin shekara ake kuma auna ƙwazo, a watan ne asusun kwastomomin da suka fi kowa kuɗi yake a bushe. Ɗan maketin da ya yi wata 9 yana kan gaba sai ya faɗi a wata 3 na ƙarshe, a ba shi takardar tuhuma.

Me hakan ke haifarwa? Ranar 29 ko 30 ga wata za ka gan shi tsugune a gaban Alhaji a rumfa, buhuna na ta sauka daga mota, yana roƙon a taimaka a zuba miliyan 100 a asusu kwana biyu kawai a cire ranar 2. Takarda ta nuna ya cika taget, banki kuwa bai amfana da komai ba. Maganin wannan a fili yake: a auna da matsakaicin abin da ya kwana a asusu kullum, ba abin da ke ciki ranar ƙarshen wata ba. Miliyan 100 na kwana 2 cikin kwana 30, matsakaicinsa bai kai miliyan 7 ba. Wanda ya kawo malaman makaranta da ma'aikatan asibiti 200 da albashinsu ke shiga duk wata ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, amma a ma'aunin ƙarshen wata shi ne ake gani a baya. Sannan a raba taget ɗin bisa yanayin shekara, a duba tarihin reshen na shekara 3 a ga watannin da kuɗi ke hawa da sauka.

Dan_Jekadafari:
Yauwa, wannan shi ne abin da nake nufi. Idan mutum ya san komai ƙoƙarinsa ba zai kai ba, tun ranar 1 ga wata ya riga ya saki.

Malam_Lissafi:
A yi wa hedikwata adalci ita ma, ba don mugunta take matsawa ba. A Satumbar 2024 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya kai kason ajiyar da dole banki ya bari a wajensa zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ma'ana a lokacin duk naira 100 da ɗan maketin ya kawo, 50 na kwance a Babban Banki ba ta haihuwa, da sauran ake juyawa. Ga kuma asusun ajiya, wanda ƙa'ida ta ce mafi ƙarancin ruwan da za a biya a kansa shi ne kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwa na CBN. Lokacin da ma'aunin ke 27.5, hakan ya kama 8.25. Shi ya sa ake nace wa asusun kasuwanci na yau da kullum, wanda kusan ba a biyan komai a kansa. Ɗan maketin da ya kawo kuɗin da za a ɗaure na wata 3 a kan ruwa mai tsada yana ganin ya yi bajinta, a lissafin riba kuwa ɗan abu kaɗan ya kawo.

Kuskuren shugabanni shi ne ba sa zama su warware wa yara wannan lissafin. Lamba kawai ake jefo musu ranar Litinin da safe. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa wani kuɗi ya fi wani daraja zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Hajiya_Pantami:
Duk kun tafi wajen 'yan maketin kun manta da masu zaman kanta, alhali su ne fuskar banki. Ana buɗe wa kwastoma ƙofa ƙarfe 8 a rufe ƙarfe 4, amma kashiya tun wajen 7 da rabi tana ciki, ta karɓi kuɗi daga ma'ajiya ta ƙirga ta sa hannu, kuma ba ta tashi sai lissafinta ya daidaita.

Ku dubi abin da ke faruwa idan aka samu giɓi. Ƙarfe 6 ta wuce, kwamfuta ta ce akwai miliyan 4 da dubu 320 a aljihun tebur, hannu ya ƙirga ya samu miliyan 4 da dubu 300. Sai a kwance kowane ƙunshi a sake bi ta inji, a ɗauko takardun ajiya da na cira ɗaya bayan ɗaya ana haɗawa da abin da aka shigar. Sau da yawa ba sata ba ce: ko an shigar da ciniki ɗaya sau biyu lokacin da sabis ya tsaya ya dawo, ko an juya lamba, an buga 54 a maimakon 45, ko ƙunshin 'yan 500 ya shiga cikin na 'yan dubu. Alamar juya lamba ita ce bambancin yana rabuwa da 9 ba saura. Idan ba a gano ba, daga albashinta za a cire. Idan kuwa rara aka samu, ba nata ba ne, asusun jiran bincike ake kaiwa.

Yanzu a ce an ɗora mata ma'aunin sauri kaɗai, mutum nawa ta sallama a yini. Sauri da tsantseni kishiyoyi ne. Ta yi sauri ta biya giɓi, ta yi a hankali a ce ba ta da ƙwazo. Abin da ya dace: a haɗa ma'auni biyu, sauri da ƙarancin kuskure, a cire mintunan da sabis ya ɗauke daga lissafinta tunda ba laifinta ba ne, a gyara injin ƙirga da fitilar gane jabu a kan kari, kuma a ba ta alawus ɗin riƙon kuɗi wanda zai zama nata idan ta yi wata 3 ba giɓi. Mutum ya fi kiyaye abin da zai samu fiye da tsoron abin da za a ƙwace masa kullum.

Ummu_Hanifa:
Allah ya saka da alheri Hajiya. A ƙara da hutun cin abinci da sallah. Reshen da ke da kashiya 2 kacal a ranar da albashin jiha ya shiga, ba mai iya tashi ko minti 10, kuma yawancin kurakurai bayan azahar suke faruwa, lokacin da ido ya gaji.

Dan_Kumo_77:
Ni a ganina babban ƙashin bayan matsalar ba ku taɓa shi ba: kwantiragi. Ƙididdigar NBS ta ƙarshen 2020 ta nuna ma'aikatan bankunan kasuwanci wajen 95,000 ne, kuma kusan 40,000 daga ciki 'yan kwantiragi ne. Mutum biyu a kanta ɗaya, kaya iri ɗaya, haɗarin giɓi iri ɗaya. Ɗaya ma'aikacin banki ne, ɗaya na wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne da ke cire kasonsa kafin albashi ya iso. Ranar da aka raba ribar shekara, wayar ɗaya ta yi ƙara, ɗayan yana ji. Ɗan Adam ba ya auna albashinsa da kasuwa kaɗai, da na kusa da shi yake aunawa.

Abin da ya fi ciwo shi ne rashin hanya. Yawancin bankuna suna sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbin ma'aikata na dindindin, galibi 26 ko 27. Yaron da ya shiga kwantiragi yana da 24 da difloma, ya yi shekara 5 yana haɗa digiri a ƙarshen mako, kafin ya gama shekarunsa sun wuce. Idan ana son himmarsa, a rubuta ƙa'idar mayar da shi na dindindin a fili: shekara nawa, maki nawa, wace jarrabawa, gurbi nawa a shekara, kuma a ɗage masa iyakar shekaru tunda aikin ya riga ya iya shi.

TsohonOdita:
Dan_Kumo ya taɓo wurin da ke da haɗari. A aikin bincike ana duba abu 3 kafin a ce wuri na iya samun almundahana: matsi, dama, da hujjar da mutum zai ba zuciyarsa. Matsi shi ne abin da Abban Sadiq ya faɗa. Hujja ita ce "ai su ma cutata suke yi". Dama kuwa tana zuwa ne idan aka bar mutum ɗaya a kujera ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ko manaja ya ba ƙaramin ma'aikaci lambar sirrinsa don a yi sauri. Shi ya sa hutun shekara na dole da sauya kujeru suke da amfani biyu: mutum ya huta, kuma wanda ya riƙe masa ya ga abin da ke ƙarƙashin tabarma.

Kan taget kuma, akwai darasi daga bankin Wells Fargo na Amurka. An matsa wa ma'aikata su buɗe asusu da yawa, sai suka riƙa buɗewa da sunan kwastomomi ba da saninsu ba. A Satumbar 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka bayyana an kori ma'aikata wajen 5,300, asusun da ake zargi a lokacin kusan miliyan 2. Daga baya bankin ya soke taget ɗin sayarwa a rassansa. A nan ma idan aka ce kowa ya kawo asusu 60 a wata, za a je makaranta ko ƙauye a cika fom a buɗe masu ƙaramin mataki, wato na matakin farko da ba sa buƙatar takardu da yawa, ba wanda zai sake taɓa su. Kamata ya yi a ƙirga asusun da ya yi motsi aƙalla sau 2 ko 3 cikin kwana 90 na farko.

Malam_Lissafi:
Ƙarin bayani kan wannan, ranka ya daɗe. Asusun matakin farko ba ya karɓar fiye da dubu 50 a zubi ɗaya, kuma jimillar abin da zai riƙe dubu 300 ne. Wanda ya wuce wata 6 ba motsi ana lissafa shi mara aiki, ya kai shekara ya zama kwantacce. Kowane ɗaya kuma ya ci kuɗin kati da lokacin ma'aikaci. Reshe na iya cin kambun buɗe asusu a Maris, a shekara mai zuwa rabinsu na kwance.

JaminBashi_Deba:
A ƙananan bankuna ciwon ya sha bamban, domin mu bashi muke bayarwa mu karɓo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a biya jami'in bashi bonas a kan yawan kuɗin da ya fitar. Fitar da kuɗi ba wuya, ko yaro zai iya. Dawo da shi ne aiki.

Ma'aunin da ake kira PAR, wato kason bashin da ke cikin haɗarin rashin dawowa, shi ne ke nuna gaskiya, kuma CBN ya ce kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Mutane da yawa ba su gane yadda ake lissafa shi ba: ba kason da aka makara biya ake ƙirgawa ba, duk ragowar bashin ne. A ce jami'i na riƙe da bashin miliyan 40 a hannun mutane. Mutum 10 sun makara, kowanne saura dubu 300 a kansa, ko da dubu 25 ne kawai bai kawo ba wannan makon. Miliyan 3 ke nan cikin haɗari, wato kashi 7.5. Ya wuce iyaka.

Yanzu ga inda ake zaluntar jami'i. Manomin shinkafar rani a Dadin Kowa ya karɓi bashi ya sayi iri, taki da man injin ban ruwa. Ba zai ga ko sisi ba sai bayan wata 4, in ya girbe ya sayar. Amma tsarin bankin ya ce biya duk mako, irin na mai sayar da ƙosai ko mai shago. Mako na 2 ya makara, kwamfuta ta sa shi a ja, PAR ɗin jami'i ya tashi, aka hana shi bonas. Laifin na wanda ya tsara bashin ne, ba na wanda ya bayar ba. Bashin noma a yi masa lokacin jira har girbi, na kiwo a ɗaura shi da kasuwar layya, na 'yan tireda ne ya dace da mako-mako.

Sai yawan kwastoma. Jami'i ɗaya a kan babur ɗaya, ƙungiyoyi warwatse daga Deba zuwa ƙauyukan da hanyarsu ke yankewa a Agusta, ba zai yi daidai da wanda kwastomominsa ke layi ɗaya a tsohuwar kasuwa ba. Shawarata a raba bonas kashi biyu: rabi lokacin da aka fitar, rabi bayan bashin ya dawo lafiya.

Abban_Sadiq_Bolari:
Wannan na ƙarshen ban yarda da shi ba. Ladan da sai an jira wata 6 ko shekara ba ya motsa kowa, musamman a wannan zamani da darajar kuɗi ke zagwanyewa. Kuma idan aka yi wa mutum canjin wurin aiki ko ya ajiye aiki kafin lokacin, rabin nan ya tafi ke nan.

JaminBashi_Deba:
Yaya, gyaran ba wuya. A biya rabin na biyu duk wata 3 bisa lafiyar bashin a lokacin, ba sai an gama biya duka ba, kuma a rubuta cewa haƙƙinsa na binsa ko an mayar da shi Bajoga ko Dukku. Sannan wanda ya gaji bashin wani, a ware masa tsofaffin da suka riga suka lalace, a auna shi da abin da ya iya karɓowa daga ciki. In ba haka ba, ba wanda zai yarda ya karɓi reshen da ke da matsala.

Almajirin_Fikihu:
Akwai wani abu da takardun hedikwata ba sa gani amma yana nan a zukata: maganar riba. Matasa da yawa a Gombe da Bauchi suna aikin banki zuciyarsu ba ta kwanta ba, a gida ana yi musu magana, a masallaci suna jin wa'azi. Wanda ke ganin aikinsa na wucin gadi ne kafin Allah ya kawo wani, ba zai zuba ƙarfinsa duka ba. Tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, dukkansu bankunan da ba sa mu'amala da riba, an samu mafita, har wasu na karɓar albashin da bai kai na da ba don samun natsuwa.

Sai dai can ma ma'auni na iya ɓata aiki. A tsarin cinikin da ake kira murabaha dole banki ya sayi kayan, ya mallake su, sannan ya sayar wa kwastoma da ribar da aka bayyana. Matakai ne: takardar farashi daga mai kaya, alkawarin saye, biyan mai kaya kai tsaye, karɓar kaya, sannan ƙulla cinikin sayarwa. Idan aka auna ma'aikaci da sauri kaɗai, zai haɗa takardun duka a sa hannu rana ɗaya, ko a tura wa kwastoma kuɗi a kawo rasit daga baya. An koma gidan jiya ke nan da sabon suna. Don haka sakamakon binciken bin ƙa'idojin shari'ar Musulunci ya kamata ya shiga makin ma'aikaci, kuma a horar da shi sosai kafin a ba shi taget.

Rahila_Kaltungo:
Na gode Malam. Ni zan ƙara da adalcin manaja a ƙananan abubuwa, domin a reshe ɗaya akwai Musulmi da Kirista. Jadawalin loda ATM a ƙarshen mako da ranakun biki, a rubuta shi tun farkon shekara a liƙa: masu Kirsimeti su riƙe ranar Sallah, masu Sallah su riƙe ranar Kirsimeti. Inda aka yi haka ba a jin gunaguni.

Sai mata. Dokar ƙwadago ta ba mai ciki mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 a aiki, kuma mai shayarwa tana da rabin awa sau 2 a yini. Amma abin da ake yi shi ne a bar mata taget ɗin shekara cif, kamar ba ta yi wata 3 a gida ba, sai ta faɗi a auna ƙwazo, ƙarin girma ya wuce ta. A rage taget daidai da watannin da ta yi aiki. Kuma kada a tura yarinya ita kaɗai gidan kwastoma ko bayan magariba da sunan neman ajiya. A haɗa mutum 2, a ofis ko shago, da rana.

Lauyan_Ofis:
Ɗan gyara, Anti Rahila. Dokar ƙwadago ta fi rufe ƙananan ma'aikata, masu muƙamin gudanarwa kuwa takardar ɗaukarsu aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata ne ke magana, saɓani kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kaiwa. Akwai kuma ƙungiyoyin ma'aikatan banki guda biyu, ASSBIFI ta manya da NUBIFIE ta ƙanana.

Abin da nake so kowa ya duba yau shi ne fansho. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci kashi 8, mai aiki kashi 10, a kan aƙalla tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan waɗannan ukun sun kama dubu 150, za a cire maka dubu 12, a ƙara dubu 15, dubu 27 ke nan duk wata, kuma a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai ta aƙalla ninki 3 na albashin shekara. 'Yan kwantiragi su fi kowa sa ido, domin a nan ne ake cirewa a ƙi turawa. Ranar da ma'aikaci ya gano an yi wata 8 ba a zuba masa ba, duk wani taron ƙarfafa gwiwa ya tashi a banza.

POS_Bajoga:
Mu ma a ɓangarenmu na POS haka ne. Idan aka biya jami'in fili a kan yawan injin da ya raba, zai zuba 5 a layi ɗaya su riƙa cinye juna, bayan wata 2 uku na cikin aljihun tebur. A biya shi a kan injin da ke aiki. Sannan a tuna tun Disambar 2024 CBN ya sa wa wakili, wato mai POS, iyakar fitar da kuɗi miliyan 1.2 a yini, kwastoma ɗaya kuma dubu 100. Wakilin da ke kasuwar dabbobi, inda kuɗin sa ɗaya ya haura iyakar kwastoma ɗaya, ba zai yi cinikin da yake yi a da ba. Taget ɗin da ba a sake dubawa ba bayan doka ta canza, zalunci ne kawai.

Hajiya_Pantami:
Komawa ga tambayar farko ta reshe biyu masu albashi ɗaya. Amsar sau da yawa manaja ce. Akwai wanda taron safiyar Litinin a wajensa wurin tozarta mutane ne, a kira suna a karanta lamba a gaban kowa har da masu shara. Akwai wanda zai kira mutum ofis, su buɗe jerin kwastomominsa, su ware 10 da za a iya samu, ya ce Alhaji wane ni zan raka ka, domin babban ɗan kasuwa ba ya buɗe wa yaro ciki sai ya ga babba.

Sai tsarin da ke tilasta wa manaja ya jera ma'aikata, dole a samu wasu a ƙasa ko da kowa ya yi ƙoƙari. A hedikwata mai mutum 2,000 yana iya yin ma'ana. A reshe mai mutum 14, dole a sadaukar da ɗaya ko biyu duk shekara, kuma kowa ya san wanda ba shi da uwa a gindin murhu ne zai faɗa. Daga nan ba mai koya wa wani aiki, ba mai miƙa wa wani kwastoma. A sa wani kaso na makin, ko da 30 cikin ɗari, ya zama na reshe baki ɗaya, yadda kashiya da mai kula da kwastoma za su ci moriyar ajiyar da kyakkyawar tarbarsu ta riƙe.

Dan_Kumo_77:
Haka ne Hajiya. A haɗa da biya wa mutum kuɗin jarrabawar CIBN, cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki, idan ya ci, kuma takardar ta yi tasiri a ƙarin girma. Idan mai ita da marar ita duk ɗaya ne, ba mai ɓata daren sa da karatu.

Abban_Sadiq_Bolari:
Na ji duk bayananku kuma na ƙaru, amma ina nan kan bakata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 dubu 70 ne. Duk wurin da mai riƙe miliyoyi a aljihun tebur yake karɓar abin da bai yi wa wannan nisa ba, ko wane irin ma'auni aka kawo ba zai zauna ba. Manaja nagari yana sa mutum ya daure shekara ɗaya ko biyu, ba ya biya masa kuɗin haya.

Dan_Jekadafari:
Yaya, na yarda akwai layin da idan albashi ya yi ƙasa da shi, sauran magana ba ta shiga kunne. Amma sama da layin nan, har yanzu ina ganin ma'auni ne ke raba reshe da reshe. Tambayata ga Maketa_TudunHatsi: manajan reshe yana da ikon sauya rabon taget na wata-wata, ko sai hedikwata?

Maketa_TudunHatsi:
Jimillar shekara ba ya iya taɓa ta, daga sama take zuwa. Amma rabon da ke tsakanin ma'aikatansa da tsakanin watanni, a mafi yawan wurare yana da bakin magana, in ya kai hujja ga shugaban shiyya kafin a rufe kasafin sabuwar shekara, wato tun Oktoba ko Nuwamba. Hujjar ita ce matsakaicin ajiyar reshen wata-wata na shekara 3, da jerin manyan kwastomomi 20 da sana'ar kowanne, a nuna nawa ne 'yan hatsi, nawa ne 'yan kwangila da ke jiran biyan gwamnati, nawa ne masu albashi. Idan ya bari sai Janairu, lambobin sun riga sun shiga kwamfuta, sai dai a jira bitar tsakiyar shekara a Yuli.